Shafin kakarki da aka goge: amsa ga wata ɗiyata a Kassala

Tambayar ta zo mini daga wata ɗaliba a Kassala. Ta ce: "Kawu, kakata ta haura shekara arba'in tana waƙar biki da kiɗan ƙwarya. Babu gidan Bahaushe a unguwarmu da aka kai amarya ba da muryarta ba, har Gadarif ake zuwa ɗaukarta. Na rubuta mata shafi a Wikipedia ta Larabci, kwana biyu aka goge, wai ba ta da malhuziyya. Ta yaya wanda bai taɓa jin muryarta ba zai ce ba a san ta ba? In haƙura da aikin ne, ko akwai wata hanya?"

Ɗiyata, sannu. Na san zafin, don ni ma shafina na farko haka aka yi masa, kuma na kwana ina jin kamar an zagi tsohon da na rubuta a kansa. Kada ki haƙura. Amma ki zauna mu warware maganar daga tushe, domin in kika koma kika sake liƙa rubutun nan yadda yake, za a sake gogewa, a karo na uku kuma wataƙila a rufe miki asusun.

Kalmar nan malhuziyya ita ce ta ruɗe ki, kuma tana ruɗar kusan duk sabon edita. Mu in muka ce mutum ya shahara, muna nufin jama'a sun san shi. Wikipedia wani abu dabam take tambaya: shin wasu mutane da ba danginsa ba, ba abokan cinikinsa ba, sun yi rubutu mai ɗan tsawo a kansa a wurin da ake tace magana kafin a buga? Jarida, littafi, mujallar jami'a, shirin rediyo da aka adana. Wanda ya goge shafin bai yanke hukunci a kan muryar kakarki ba. Ya duba ƙasan muƙalar ne bai ga manazarta ba, ko ya ga mahaɗin Facebook da bidiyon biki da ɗan'uwanki ya ɗora, ya danna abin da ƙa'ida ta ce ya danna. Ko Donna Strickland, masaniyar kimiyyar fiziks 'yar Kanada, an ƙi karɓar shafinta a Wikipedia ta Turanci watanni kaɗan kafin a ba ta kyautar Nobel a watan Oktoba na 2018, a kan wannan dalili ɗaya.

Ƙa'idar tana da amfaninta. Ba don ita ba, da kowane ɗan kasuwa da ɗan siyasa ya cika wurin da kirarin kansa, da kuma duk mai jin haushin maƙwabcinsa ya rubuta masa sharri ya ce daga bakin dattawa ya ji. Amma ba zan ɓoye miki ba, mu tana cutar da mu fiye da kowa, kuma ina faɗar haka a duk taron editoci da na samu kaina a ciki. Wanda aka daɗe ana rubutu a kansa, ƙofa a buɗe take gare shi. Wanda jaridun birni ba su taɓa leƙa unguwarsu ba, sai a ce masa ya kawo shaidar da tun asali ba a ba shi ba. Mace, mai waƙa da Hausa, a cikin gida, a gabashin Sudan: ƙofa huɗu ke nan aka rufe mata kafin ta buɗe baki.

Dubi A'isha al-Fallatiyya, 'yar garinku. An haife ta a Kassala, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso a kan hanyar aikin hajji suka zauna, mahaifinta malami ne da bai so waƙar ba. Ta yi waƙa a Rediyon Omdurman a 1942, shekara biyu da buɗe gidan, ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a rediyon ƙasar nan. Ta rasu a 1974. Yau tana da shafi a harsuna da dama. Me ya ba ta? Ta shiga rediyo, an ɗauki muryarta a faifai a Alƙahira, ta yi waƙa da Larabci, masu alƙalami suka ji ta suka rubuta. Matan da ta tashi a cikinsu tana jin waƙarsu a gidajen biki fa? Ko ɗaya ba mu da sunanta a takarda. Haka Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta yake bayan takardar naira ashirin ta Nijeriya. Duniya ta san ta bayan ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Amma tun tana yarinya ta iya ginin tukunya, a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya, kuma ita wannan malamar tata a rabin layi ake wuce ta. A nan ƙasar ma, masu ɗaukar hoto na Turai irin su George Rodger da Leni Riefenstahl sun yi suna da hotunan mutanen duwatsun Nuba, kowannensu da dogon shafinsa, samarin da suka zauna suka zana jikinsu da hannunsu kuwa an bar su a matsayin "wani Banube". Saboda irin wannan giɓin ne masu sa kai suka fara tarukan gyaran muƙaloli kamar Art+Feminism tun 2014, da Women in Red a 2015, lokacin da tarihin mata bai wuce kusan kashi 15 cikin ɗari na tarihin mutane a Wikipedia ta Turanci ba. Sun matsa da shi zuwa kusan kashi 20 cikin shekara goma. Kin ga irin tafiyar hawainiyar da abin yake yi, ko da dubban hannuwa.

An taɓa gwada buɗe ƙofa ga maganar baka kai tsaye. A 2011 wani mai bincike ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu: a ɗauki muryar dattawa suna bayanin wasannin gargajiya da makamantansu, a ajiye sautin, a kafa hujja da shi a muƙala. An yi ta muhawara, manyan Wikipedia ba su karɓa a matsayin ƙa'ida ba. Ni ina ganin sun yi kuskure, don al'ummar da ta raini ilimin isnadi ta san yadda ake tantance maganar baka, wa ya ji daga wa, a ina, yaushe. Amma yau ba a kan ra'ayina za ki gina shafin kakarki ba, a kan ƙa'idar da ke aiki ne.

To ga inda za ki faro. Rubutunki bai ɓace ba. Abin da aka goge a Wikipedia yana nan a ɓoye, masu gudanarwa suna ganinsa. Ki buɗe rajistar gogewa ki ga sunan wanda ya yi da dalilin da ya rubuta, ki je shafinsa na tattaunawa ki yi masa sallama, ki roƙe shi ya maido miki da rubutun cikin shafinki na gwaji. Ban da faɗa, ban da zargin wariya, ko da zuciyarki tana raya miki haka. Yawancinsu suna maidowa. A wannan saƙon kuma ki faɗa da bakinki cewa jikarta ce ke. Rubutu a kan dangi ba haramun ba ne a can, amma ana ƙinsa, kuma ɓoyewar ta fi rubutun muni. In kin bayyana, sai ki nemi wani edita ya duba kafin a wallafa.

Daga nan sai ki rufe kwamfuta ki shiga farautar takarda, wanda shi ne ainihin aikin. Mutane da yawa suna zaton sai madogarar tana intanet ko tana da Turanci. Ba haka ba ne. Jaridar Larabci ta shekara talatin da ta wuce, wadda ba a taɓa ɗora ta a ko'ina ba, hujja ce cikakkiya muddin kin kawo sunanta da ranar fitowarta da lambar shafi. Shirin gidan rediyon jiha hujja ne in kin san sunan shirin da ranar da aka watsa shi kuma akwai inda aka adana shi. Kundin digiri na uku da aka kare a jami'a ana karɓarsa, na digirin farko kuwa da ƙyar.

Bari in ba ki labarin da ya koya mini hankali. Akwai wani tsoho mai ɗinkin hula a kasuwar Gadarif, irin ɗinkin da ake ƙirga zare ɗaya-ɗaya, ya ce mini an taɓa buga shi a jarida. Na bi shi gida bayan la'asar. Muka zauna a kan angareb, gadon igiya, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, aka kawo jabana, gahawar Sudan, ya jawo wata adaka ta ƙarfe ya buɗe, ƙamshin turaren wuta da tsohuwar takarda ya bugo ni. A tsakanin takardar filinsa da katin rigakafin hajjinsa ya zaro ta, an ninke ta huɗu, ta yi ruwan ƙasa. Ga hotonsa yana saurayi da allura a hannu, ga sakin layi shida a kansa. Sai dai wanda ya yanko masa ya bi gefen hoton da almakashi tsaf, ya zubar da saman shafin. Babu sunan jaridar, babu rana, babu shekara. Tsohon ya ce ai lokacin Shugaba Numairi ne. Mulkin Numairi kuwa daga 1969 ne zuwa 1985, shekara goma sha shida. Na yi wata huɗu ina bin tsofaffin 'yan jarida da hoton takardar a waya kafin wani ya gane salon rubutun kanun ya ce mini jarida kaza ce. Saboda haka duk abin da kika samu a adakar kakarki, ki ɗauki hoton shafin gaba ɗayansa, gaba da baya, kafin ki matso da kyamara kan sunanta. Haka bangon kaset, haka takardar gayyata, haka takardar yabo in wata ƙungiyar al'adu ta taɓa ba ta.

Ki yi sauri kuma. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda mafi yawan tsofaffin muryoyin ƙasar nan suke, ya zama fagen daga kusan shekara guda, an kuma wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum. Ni kaina kwali biyu na kaset na baro a gidana a Omdurman na fito da kayan jikina. Abin da ke hannun tsofaffi a Kassala da Gadarif da Port Sudan yanzu, a wasu lokuta shi kaɗai ya rage. Ki leƙa taskar Sudan Memory a intanet, sun ɗauki hotunan takardu da jaridu da yawa kafin yaƙin, ana dacewa.

Idan kin yi duk wannan ba ki samu komai ba, ko kin samu ambato ɗaya na rabin layi, to gaskiya ita ce lokacin shafinta bai yi ba, kuma aikinki ya koma wani: ki sa a rubuta. Ki nemi ɗan jarida mai shafin al'adu, ki nemi mai gabatar da shirin gargajiya a rediyon jiha, ki nemi malamin jami'a da ke da ɗalibai masu neman abin bincike a kan adabin baka. Ki kai su gidan, su ji da kunnensu, su rubuta da alƙalaminsu. Ke ba za ki rubuta musu ba, ba kuma za ki biya a buga ba, don rubutun da aka saya ba ya zama hujja. Hira da ita kaɗai ma ba ta isa, tunda maganarta ce a kan kanta. Ana son wani ya auna aikinta ya faɗi matsayinsa. Biyu ko uku irin wannan, daga wurare daban-daban, sun isa a tsayar da shafi da ƙafarsa. Zai iya cin shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin nan akwai ƙofar da ni na fi so, kuma sababbin editoci ba su cika ganinta ba. Maimakon ki fara da mutum, ki fara da sana'ar. Muƙala a kan kiɗan ƙwarya, ko a kan waƙoƙin bikin Hausawan Sudan, ta fi sauƙin tsayawa, don an yi rubutu a kan al'ummar. Mark Duffield ya buga littafi a kan Mai Wurno a 1981, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi nazarin yadda Hausar Sudan ta cuɗanya da Larabci. A ɓangaren Nijeriya kuma an yi rubutu sosai a kan amada da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. In kika gina wannan gidan, duk ranar da aka samu madogara ɗaya a kan kakarki, akwai ɗakin da za a saka sunanta ko da ba ta da shafin kanta tukuna. Ambato a cikin muƙala ba ya buƙatar malhuziyya, madogara mai inganci kawai yake buƙata.

Ki kuma zo Wikipedia ta Hausa. Kowane harshe da jama'arsa da yadda suke tafiyar da ƙa'idojinsu, kuma mu ƙanana ne, muna da haƙurin koyarwa. Nan ma sai da manazarta, kada ki zo da zaton kasuwar bayan gari ce. Amma ke kina da abin da yawancin editocinmu na Kano da Kaduna da Damagaram ba su da shi: kina karanta jaridar Larabci kamar shan ruwa. Muƙalolinmu a kan Sudan yawancinsu fassara ce daga Turanci, wasu ma inji ne ya fassara aka liƙa, kina karantawa kina tuntuɓe. Ki ɗauki shafin A'isha al-Fallatiyya ki gyara shi da madogaran Larabci. Ki rubuta a kan maƙwabtanku Beja da garayarsu basankob. In kin cika wata shida da gyara 500, kina kuma ci gaba da aiki, za a buɗe miki ɗakin karatu na Wikipedia kyauta, inda za ki shiga mujallun jami'o'i da ake biyan kuɗi mai yawa kafin a karanta.

Saura magana ɗaya, kuma ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Kin tambayi kakarki? Ba ki faɗa ba a saƙonki. Tana da rai, kuma shafin da za a buɗe da sunanta ba naki ba ne, ba nata ba ne. Kowa zai iya gyara shi, ba kuma za ku iya cewa a sauke shi don kun canja ra'ayi ba. Hoto ko sautin da kika ɗora a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotuna da sautukan Wikipedia, da lasisin da suke amfani da shi, kin ba duniya izinin ɗauka har a yi kasuwanci da shi, kuma ba a janye izinin. Ki zauna ki yi mata wannan bayanin da Hausar da za ta gane, a gaban wani babba na gidan. In hoton wani mai studiyo ne ya ɗauka, haƙƙin nasa ne ko da fuskar tata ce. Ki ɗauki naki sabo.

Ba kowace waƙa ce ta fita waje ba. Kin fi ni sanin akwai waɗanda ake yi a tsakar gida kowa na ji, akwai na cikin ɗaki daren kamu da mata suke yi wa junansu, waɗanda ko ni da furfurata ban taɓa ji ba kuma bai kamata in ji ba. 'Yan asalin Ostireliya suna da irin wannan iyaka. A wasu al'ummominsu ba a ambatar sunan wanda ya rasu ko a nuna hotonsa na wani lokaci, har gidajen talabijin da gidajen tarihi na ƙasar suke sa gargaɗi kafin su nuna. Mu ma muna da alkunyarmu. Abin da ta ce a bari a ɗaki, ki bar shi a ɗaki, ko da shi ne mafi daɗi.

Sai batun asali. Ki yi hattara da layin farko na muƙalar. Matar da aka haifa a Kassala, uwarta ma a nan aka haife ta, 'yar Sudan ce, haka za ki rubuta. Na sha gyara shafuka da wani ya zo ya sa "'yar Nijeriya mazauniyar Sudan" don ya ga suna irin namu. A ƙasar da aka daɗe ana yi wa mutanenmu tambayar takardar ɗan ƙasa, kuma bayan rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a jihar Shuɗin Nilu a 2022, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Kalmar Fallata ma laima ce da aka kifa a kan Hausawa da Fulani da Barebari gaba ɗaya. Wani yana ɗaukarta da alfahari, wani yana jin ta kamar mari. Ki tambaye ta me take kiran kanta, kuma kada ki sa ƙabila a shafin mai rai sai da madogara da yardarsa. Unguwarta da sunayen 'ya'yanta ba su da wurin zama a ciki. Sunan nata kuwa ki rubuta shi da boko yadda take furta shi, ki kawo yadda ake rubuta shi da Larabci, da laƙabin da ake kiranta da shi a gidajen biki, don mai nema da kowanne ya same ta.

A wannan makon, tun kafin wani ɗan jarida ya amsa miki, ki caja wayarki ki je ki same ta da hantsi lokacin da gida ya yi shiru. A farkon ɗaukar ki faɗi ranar da wurin da sunanki da nata, ki bar ta ta faɗi da bakinta cewa ta yarda. Ki tambaye ta wa ya koya mata, ita kuma waccan wa ya koya mata, daga wane gari suka taso, wace waƙa ce ta zo da su daga yamma wace ce aka haifa a nan, yaushe dalluka, gangar matan Sudan, ta fara shiga cikin ƙwarya. In ta ce a kawo masaki a zuba ruwa a kifa ƙwarya, ki ajiye wayar a kan tabarma, taku biyu daga ruwan. Ki yi kwafi uku, ɗaya ya bar Kassala. Sunayen matan da za ta lissafa miki kuma ki rubuto mini su, in duba ko akwai wadda na taɓa cin karo da ita a takardun da ke hannuna a nan Gadarif. Ki gaishe mini da Hajiya.